Yadda Ake Gano Yoyon Bututun Ruwa Kafin a Ɗauki Diga

Sau da yawa neman wurin da bututu ke yoyo ya fi yoyon kansa ɓarna. Bango ya jiƙe, a kira mai gyaran famfo, ya iso da guduma da kurfi, ya fasa tayil ɗin banɗaki daga ƙasa har sama, daga baya a tarar ɓular tana can bayan kicin. Gyaran da bai wuce soket ɗaya da gam ba sai ya koma aikin birkila da mai fenti. Wannan ya sa nake ganin diga da guduma su ne ƙarshen aiki. Kafin su akwai tabbatarwa, da aunawa, da raba layi, da dubawa, da saurare, kuma mafi yawansu maigida ko uwargida za su iya yi da kansu ba tare da sun sayi komai ba.

Lamarin kuwa ya wuce asarar ruwa. A garuruwanmu ba kullum famfo ke kawowa ba. Ruwan da aka tace aka zuba wa magani a matatu irin su Challawa da Tamburawa a Kano, ko Gudel a Yamai, yana tafiya mai nisa kafin ya iso gida. Muddin bututu na cike, ƙarfin ruwa na tura komai waje ta ɓular. Da zarar an ɗauke ruwa, bututu ya zama fanko, sai abin da ke kewaye da shi ya sami hanyar shiga. In a cikin kwata aka shimfiɗa shi, ko kusa da sokawe, ka san abin da zai shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta irin wannan tsagar taifot da amai da gudawa ke isa randar gida. Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa fiye da kubik mita biliyan 32 na tsabtataccen ruwa ke zurarewa daga bututun birane a duniya duk shekara. Namu kason yana ƙarƙashin tsakar gida da bakin titi.

Da farko, tabbatar akwai yoyon, kuma ka san yawansa

In gidanka na da mitar ruwa, aikin ya zo da sauƙi. Ka jira lokacin da ruwa ya kawo ya daidaita, domin a farkon zuwansa iskar da ta taru a bututu kan juya mita ko da ruwa bai iso ba. Rufe kowane famfo, ka rufe bawul ɗin da ke cika tanki, ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya taɓa ruwa. Sai ka duba fuskar mitar. Yawancin mitoci na da ɗan ƙaramin abu mai siffar tauraro ko kusurwa uku da ke juyawa ko da ruwa kaɗan ne ke wucewa. In yana motsi alhali komai na rufe, ruwa na fita ta wani wuri. In bai nuna ba, rubuta lambobin duka, baƙaƙe da jajaye, ka dawo bayan awa biyu. Baƙaƙen kubik mita suke ƙirgawa, kowane ɗaya lita 1,000 ke nan, jajayen kuma su ne ƙananan ma'auni, su ne za su fara tona asirin ƙaramin yoyo.

Gidaje da yawa ba su da mita, burtsatse ne da sumo da tanki a sama. A nan tankin shi ne mitarka. Ka cika shi da yamma, ka kashe injin. Bayan kowa ya gama alwala da wanke-wanken dare, ka tara ruwan da za a buƙata a bokiti, sannan ka hau ka auna daga bakin tanki zuwa saman ruwa da busasshiyar sanda ko tef. Da asuba, kafin kowa ya buɗe famfo, ka sake aunawa.

Lissafin ba wuya. A ce tankin na cin lita 2,000, tsayin ruwansa in ya cika santimita 150 ne. Kowane santimita ya kama lita 13 da ɗan ɗori ke nan. In ruwan ya sauka da santimita 5 cikin awa 8, lita kusan 67 ta tafi, wato kusan lita 200 a yini da kwana, jarka takwas masu cin lita 25. Ka tambayi kanka nawa mai garuwa ke sayar da jarka takwas a unguwarku, ka ninka da kwana talatin, ka ƙara da kuɗin man janareta ko wutar da sumo ke sha don maye gurbinsu. Rubuta wannan adadi ka ajiye, domin da shi za ka gane ko gyara ya yi.

Akwai abin da kan ruɗi mutane a wannan gwaji. A dare na biyu ka rufe bawul ɗin da ke ƙasan tanki, wanda ke sakin ruwa zuwa gida, ka sake aunawa. In ruwan bai sauka ba, yoyon na cikin layin gida. In kuwa ya sauka duk da haka, to bututun gida ba su da laifi: ko dai tankin ya tsage, ko bakin da aka ɗaura masa na ɗiga, ko kuma ruwa na komawa baya ta bututun da ke cika shi. Na ƙarshen nan na faruwa ne idan bakin bututun ya nutse cikin ruwa, kuma bawul ɗin da ke hana ruwa komawa rijiya ya lalace.

Masu injin ƙara ƙarfin ruwa mai tashi da kansa suna da wata shaida a sauƙaƙe. In ka ji ya tashi da tsakar dare ya mutu, ya kuma tashi, ba wanda ya buɗe famfo, ruwa na sulalewa a wani wuri.

Kawar da masu laifin da ke fili

Kafin ka zargi bututun da ke binne, zagaya gidan. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa na zubar da wajen lita 30 a rana, ya fi jarka guda. Duba ƙarƙashin sinki, da bayan hita, da famfon wajen wanki, da na bayan gida wanda ba kowa ke zuwa ba. Duba bututun ambaliyar tanki: in yana tsiyaya, ƙwallon da ke tsayar da ruwa ya daina aiki.

Babban ɓarawon shiru shi ne tankin masai na zamani. Robar da ke toshe ƙasansa in ta tsufa, ruwa na silalowa cikin masan dare da rana, ba ƙara, ba jiƙa ƙasa. Buɗe murfin, zuba bula ko ruwan zoɓo mai kauri, kada ka ja ruwa, ka jira minti 20. In kalar ta bayyana a cikin masan, ka kama shi. Gyaran robar nan kaɗai kan rufe maganar yoyo a gidaje da dama, shi ya sa ba na son a tsallake wannan mataki. Bayan ka gyara duk abin da ka gani, sake gwajin mita ko na tanki. In har yanzu ruwa na tafiya, yanzu ne aka shiga farautar na ɓoye.

Raba layin gida-gida

Dabarar ita ce ka riƙa yanke wa sashe-sashe ruwa kana kallon ma'auni. Fara da bawul ɗin da ke inda bututu ya shiga ginin. Rufe shi. In mita ta ci gaba da juyawa, ɓular na tsakanin mita da gini, wato a tsakar gida ko ƙarƙashin ƙofa. In ta tsaya, tana ciki. Daga nan ka buɗe, ka koma rufe na kowane sashe ɗaya bayan ɗaya: banɗakin maigida, na baƙi, kicin, sashen yara, layin lambu. Sashen da ka rufe mita ta tsaya, shi ne mai ciwon. Mai tanki zai yi haka nan, sai dai kowane gwaji zai ci masa awanni ko dare guda, don haka ya fara da raba gidan biyu, sannan ya raba rabin da ya nuna laifi.

Na san abin da wasu za su ce: gidanmu bawul ɗaya ne tak, a gindin tanki. Haka aka yi wa gidaje da yawa don rage kuɗi lokacin gini, kuma ganganci ne. In haka naka yake, ka sa mai gyara ya yanka layin a inda yake a fili ya saka bawul biyu ko uku. Kuɗinsu bai kai na tayil ɗin ɗaki ɗaya ba, kuma za su yi maka amfani duk ranar da wani abu ya sake lalacewa. Wani abin lura, tsohon bawul mai murɗawa kan ƙi rufewa ruf. Bayan ka rufe shi, buɗe famfon da ke gabansa ka tabbatar ruwa ya yanke da gaske, in ba haka ba gwajin zai yi maka ƙarya.

Karanta ƙasa da bango

Yanzu ka san sashen. Nemi sanin hanyar da bututu ya bi a cikinsa. In wanda ya yi aikin famfon gidan na nan, kira shi. In babu, ka bi hankali: masu aiki kan ja layi miƙe daga bawul zuwa famfo, a bango kuma su hau ko su sauka a tsaye.

Rani ne lokacin da ƙasa ke faɗin gaskiya. Ciyawar da ta yi kore shar a watan Maris alhali ko'ina ya bushe, wurin da ke da laima da sassafe bai bushewa har azahar, intalok da ya lotsa, gansakuka a gindin katanga, gara ko tururuwa da suka tare wuri ɗaya, duk alamu ne. A cikin ɗaki kuma, fenti mai kumbura yana ɓarewa, farin gari kamar gishiri a kan filasta, warin fumfuna, da tayil ɗin da in ka ƙwanƙwasa yake amsawa kamar ba komai a ƙarƙashinsa.

Sai dai a nan ne aka fi yin kuskure, domin inda ruwa ya ɓullo ba lallai nan ya fita ba. Ruwa na bin jikin bututu, yana bin ramin da aka cike da ƙasa mai laushi, yana gangarawa, sai ya sami wuri mai rauni ya fito, wataƙila taku goma daga ɓular. A bango yana saukowa ƙasa, don haka ka nemi can saman inda danshin ya fara. Irin ƙasar ma na da tasiri. A ƙasa mai laka ruwa kan taso sama da wuri, amma a jigawa mai rairayi yana nutsewa ne kai tsaye, bututu zai shekara yana zuba ba ka ga ko ɗigo a sama ba.

Kuma ba kowane danshi ne na bututun ruwa ba. Danshin da ke tasowa daga harsashin gini kan yi layi ɗaya a gindin bango, da wuya ya wuce tsayin ƙugu, yana ƙaruwa da damina ya ragu da rani. Na bututun da ke fitar da ruwan wanka kan ƙaru ne bayan an yi amfani da banɗaki. Na bututun da ke kawo ruwa kuwa ba ruwansa da lokaci. In kana shakka, zagaye wurin da alli, ka rufe ruwan sashen kwana biyu ko uku. In danshin ya ja baya daga layin allin, bututun ne.

Wuraren da ya kamata ka fi zargi sanannu ne: mahaɗa da gwiwa, inda bututu ya ratsa bango ko harsashi, ƙarƙashin get inda mota ke takawa in ba a binne shi da zurfi ba, kusa da saiwar darbejiya ko mangwaro, zaren tsohon bututun ƙarfe inda tsatsa ke fara ci, bututun roba da rana ta daɗe tana duka har ya yi gautsi, da duk inda aka buga ƙusa ko aka huda bango kwanan nan. Tambayi mutanen gida ko an kafa labule ko an rataye wani abu kafin danshin ya fara.

Saurare

Ruwan da ke fita ta ƙaramar ɓula da ƙarfi yana yin sauti, sautin kuma na bin jikin bututu. Masu aikin hukumomin ruwa sun daɗe suna amfani da sandar saurare, kai ma za ka iya haɗa taka: rodi mai tsayin mita ɗaya ko fiye kaɗan, a kafa masa guntun katako a kai inda za ka ɗora kunne. Dogon sukundireba ma na yi a cikin ɗaki, haka abin sauraren da makanikai ke sawa a kunne su ji ƙarar inji.

Lokacin aikin shi ne tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare, sa'ad da janareto suka mutu, titi ya yi tsit, kuma ƙarfin ruwa ya fi yawa saboda ba mai ɗiba. Kashe firji da fanka. Ɗora bakin rodin a kan duk ƙarfen da ke haɗe da layin: mita, bawul, gindin famfo. Ƙaramar ɓula kan yi siririn sauti mai tsayi, shiii, ba yankewa. Babbar fashewa kan yi gurnani mai kauri, wani lokacin ma ta fi wuyar ji. Inda sautin ya fi ƙarfi, nan ya fi kusa. Ga wata dabara mai kyau: kana saurare a kan bawul, ka sa wani ya rufe shi a hankali. In sautin ya ɗauke, ɓular na gaba da bawul ɗin, wato ta ɓangaren da ruwa ya nufa. In ya ci gaba, tana bayansa.

Bayan haka ka bi hanyar bututun a ƙasa, kana ɗora rodin duk bayan taku ɗaya, kana sa alama da gawayi a inda ka ji wani abu. Bi sau biyu, daga kowane ɓangare, ka kuma sa wani ya saurara ba tare da ka nuna masa alamarka ba. A kan siminti da intalok sauti ya fi fitowa fiye da kan ƙasa mai laushi.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce wannan hanya ta fi aiki a bututun ƙarfe. Roba na shanye sauti, kuma yawancin gidajen yanzu roba ce. Ga kuma ƙarancin matsi: kowane tsayin mita 10 na ruwa ne ke ba da lamba ɗaya, wato "bar" ɗaya, a agogon auna matsin ruwa, don haka tankin da ke kan tsayin mita 6 bai wuce 0.6 ba, ɓular ba za ta yi ƙara sosai ba. In ba ka ji komai ba, kada ka ce babu yoyo. A ƙasar da ba siminti, za ka iya soka rodi mara tsini a gefen hanyar bututun, ba a kansa ba, duk bayan taku biyu, ka duba wanda ya fito da taɓo. Amma ka fara sanin inda wayar wuta ta bi, ta janareta ko ta sumo, domin sau da yawa rami ɗaya ake binne su da bututu.

Inda ya kamata a kira masu kayan aiki

Mai gyaran da ya san aikinsa yana da famfon hannu mai agogon matsi. Zai toshe bakunan sashen, ya ware hita da tankin masai, ya cika layin da ruwa, ya fitar da iska, ya buga matsi ya kai kamar ninki ɗaya da rabi na wanda layin ya saba ɗauka, sannan ya zuba wa allurar ido. Bututun roba kan ɗan buɗe da farko, allura ta sauka kaɗan, sai a ƙara bugawa a jira. In ta ci gaba da sauka, sashen na yoyo, kuma ƙarin matsin kan sa ɓular ta yi ƙarar da kunne zai kama. Abin da ba zan yarda a yi a gidan kowa ba shi ne a ɗauko injin iskar mai faci a hura wa bututun PVC. Masu ƙera shi da kansu sun hana, domin in ya fashe da iska tarwatsewa yake yi, ɓaraguzansa na iya raunata mutum.

A manyan layuka, na rukunin gidaje ko makaranta ko asibiti ko titi, akwai na'urori. Akwai makirufon ƙasa mai ƙara sauti yana tace hayaniya. Akwai wadda ake maƙala wa bututu kunnuwa biyu, ɗaya a kowane gefe, ta auna wanne sautin ya riga isa. A ce tazarar kunnuwan mita 100 ce, sauti kuma na gudun mita 1,200 a daƙiƙa, kamar yadda yake yi a bututun ƙarfe. In ya riga isa kunne ɗaya da 0.05 na daƙiƙa, bambancin tafiyar mita 60 ne. Cire 60 daga 100, ka raba biyu: ɓular na mita 20 daga kunnen da ya fara ji. Amsar na dogara ga sanin ainihin tsawon bututun da irinsa, shi ya sa ƙwararre kan tabbatar da makirufo kafin ya ce a tona. Ga bututun roba mara ƙarfin ruwa, akan zuba iskar gwaji, kashi 5 haidurojin da kashi 95 naitirojin, wadda ke fita ta ɓular ta ratso ƙasa, a bi da na'urar shinshina. Kyamarar zafi kuma ta fi amfani a layin ruwan zafi cikin bango.

Kwamitin unguwa ko na masallaci da ke kula da burtsatsen jama'a zai iya yin gwajin raba layi da dare kamar na gida: a auna saukar babban tanki, a riƙa rufe reshe ɗaya bayan ɗaya. Amma babban bututun titi na hukumar ruwa ne. In ka ga ruwa na ɓulɓula a bakin hanya, ka kai rahoto da kwatance mai kyau da hoto, ku haɗu da mai unguwa ku bibiya, kada ka tona da kanka. In ana gardama ko ruwan famfo ne ko na kwata, ma'aikata na da ƙwayar gwaji da ke juya ruwa ya yi ja-ja in akwai kulorin, maganin da ake zuba wa ruwan famfo, a cikinsa, ko da yake rashin juyawar ba ya wanke bututu, don kulorin kan ƙare a hanya.

Tono da gyara

In shaidu biyu ko uku sun haɗu a wuri ɗaya, to a ɗauko kayan tono. Kashe wutar da ta bi ta wurin. Fara da ƙaramin rami a gefen bututu, in an kusa kai masa a ajiye diga a koma shebur da hannu. Bar ruwan a buɗe har ka ga ɓular da idonka, in ba ta nan ka bi ɓangaren da ruwa ke fitowa. A bango, a cire tayil ɗaya ta hanyar yanka bakinsa, a leƙa, kafin a taɓa na biyu.

Ɗaurin robar taya na kwana ɗaya ne ko biyu, kada a binne shi. A yanke wurin da ya lalace a sa sabon guntu da soket irin na bututun. A kwashe ruwan ramin tukuna ya sauka ƙasa da bututu, a toshe bakunan da aka yanka don kada taɓo ya shiga, a bar gam ya kama gwargwadon yadda aka rubuta a gwangwaninsa. In tsohon bututun ƙarfe ne da tsatsa ta cinye, canza layin gaba ɗaya ya fi faci, don gobe gaba kaɗan zai ɓule. In kuma a cikin kwata yake, wannan ce damar ɗauke shi daga ciki.

Kada a rufe rami sai an saki ruwa an ga mahaɗar ta bushe. A zuba rairayi a ƙasa da saman bututun, ban da duwatsu da ɓaraguzan bulo. A buɗe famfunan sashen su zuba har ruwa ya washe, na sha kuma a tafasa shi a kwanakin farko. Ɗauki hoton ramin yana buɗe, ka auna nisan bututun daga bango ko ginshiƙi, ka zana a takarda ka haɗa da takardun gida. A daren nan ka sake gwajin mita ko na tanki, ka gwada da adadin da ka rubuta tun farko. In asarar ta ragu amma ba ta ƙare ba, akwai ɓula ta biyu, sai a koma kan bawul a sake raba layin.